Duwatsun Murhuna

Yarana sun sayo mini tukunyar gas tun bara waccan, sun kuma dame ni da in kwashe duwatsun nan uku da ke kusa da rumbu. Wai suna ɓata tsakar gida, wai baƙi za su ce mu ƙauyawa ne. Na ce musu ai ƙauyawan ne, kuma duk wanda ya taɓa mini duwatsu ranar zai san 'yar Nijar ce ta haife shi. Gas ɗin ina dafa shayi da shi. Tuwo kam sai a kan duwatsuna, don ni kaɗai na san yadda aka yi na same su.

Ni mutuniyar Dogon Dutse ce. Maigidana direban babbar mota ne, ɗan ƙasar Zuru, yana kai dawa da masara kasuwarmu ya dawo da wake. A bakin kasuwar nake ɗinki. Ya fara kawo mini wando wanda ya yage, daga baya ya koma kawo waɗanda ba abin da ya same su, har na gaji na ce masa ya je ya ga babana. Da aka ɗaura aure, a gaban motarsa aka kawo ni, ni da gwaggona, keken ɗinkina a baya cikin buhuna. Muka ƙetare iyaka, muka bi ta Birnin Kebbi, muna ta tafiya ƙasa tana canja launi, har muka wuce garin Zuru muka ratse wata 'yar hanya zuwa ƙauyensu da ke gindin dutse. Ban taɓa ganin itatuwa da yawa haka a wuri ɗaya ba. Gwaggo ta leƙa ta taga ta ce lalle mutanen nan ba su san tsadar itace ba.

Ta yi mini jere, ta kwana biyu, ranar da za ta koma ta ja ni ƙuryar ɗaki. "Ɗiyata, ki ji da kyau," in ji ta. "Kak ki aza tukunya gidan mutane sai uwam miji ta ce ki aza. Kak ki tanka mata, kak ki ci abinci gabanta." Wannan ba sabon karatu ba ne a wurina. A garinmu amarya takan zauna a ɗaki ana kawo mata abinci, sai ranar da uwar miji ta ga dama ta kira ta, ta nuna mata murhu, ta ce bismilla. Amaryar da ta buɗe baki ta nemi girki da kanta ta zagi tuwon surukarta ke nan, kuma za a yi shekaru ana ba da labarinta a bakin rijiya.

Surukata, wadda kowa a gidan yake ce wa Mama, gajeriyar mace ce mai ƙarfin gaske. Mijinta tsohon soja ne, ya rasu kafin in zo. Sauran 'ya'yanta suna aikin soja a nesa, sai maigidana da ke zuwa gida yau ya tafi jibi. Ita Kirista ce, ɗanta Musulmi, kuma a ƙauyen babu wanda yake ganin haka abin magana. Ranar Lahadi ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi coci, da azumi kuwa ita ke dama mini kunun buɗa-baki. Yarensu C'lela take yi da kowa, Hausa sai da ni, kuma Hausarta ba ta da kwana. In zanina bai yi mata ba ta faɗa, in na yi ƙiba ta faɗa, in na rame ta faɗa a gaban jama'a. Amaryar Faransa take kirana, wai don daga Nijar na fito. Shi ya sa ban taɓa zaton akwai maganar da matar nan za ta iya haɗiyewa ba, ashe akwai guda ɗaya.

Ga yadda abin yake a ƙauyen. Amarya takan ci daga tukunyar uwar miji har ranar da ranta ya kwanta da gidan. Ranar, ba tare da ta gaya wa kowa ba, sai ta hau dutse ta zaɓo duwatsu uku, ta kawo su tsakar gida ta kafa murhunta. Daga nan ta zama 'yar gida. Kuma ba a gaya wa amarya ta je ta ɗauko, ko da wasa, don wanda ya faɗa kamar ya ce an gaji da ciyar da ita ne. Amaryar da ta daɗe ba ta ɗauko ba, kowa ya san ƙafarta ɗaya tana waje. Duk yarinyar ƙauyen ta san wannan tun tana wasan 'yar tsana. Ni kuwa ban sani ba, kuma babu wanda ya zaci ban sani ba, saboda Hausata ta fi ta kowa a garin. Gani suke yi mai Hausa irin ta rediyo ai babu abin da ya shige mata duhu.

To, ina jiran Mama ta ce bismilla, Mama tana jiran in hau dutse. Haka muka zauna muna gaisawa da fara'a.

Ba zan ce na sha wuya ba. Ruwa ga shi a famfon tuƙa-tuƙa kusa da makaranta, ba irin rijiyoyinmu masu cinye igiya ba. Mangwaro har awaki su gaji da shi. Na kafa kekena a gindin bishiya, kafin wata biyu matan cocinsu Mama suka kawo mini ɗinkin ankonsu, daga nan ɗinki bai sake yanke mini ba. Tuwon jar dawar Mama da miyar karkashi, ko yau na tuna sai yawuna ya tsinke. Amma macen da ba ta da murhu baƙuwa ce ko ta shekara goma. In mata sun taru a famfo ana hirar me aka dafa jiya, ni sai dai in gyara bokiti. In na yi sha'awar fura, babu inda zan dafa dawo. Ruwan zafi ma sai na jira Mama ta sauke tukunya, na saci jiki na ɗiba. Abin yana cina, kullum ina tambayar kaina me na yi wa matar nan da ta ƙi amince mini da ludayi.

Akwai wani fili tsakanin ɗakin girkinta da rumbu, faɗinsa bai wuce tabarma ba. Kowace safiya Mama sai ta share shi, ta yayyafa masa ruwa, ta daddanna shi da tafin ƙafa. Ba a ajiye komai a kai, kaza ma in ta hau sai ta sha jifa. Wurin murhuna ne take gyara mini, tun ranar da na zo. Amma kafin bikina matan kasuwarmu sun cika mini kunne da cewa mutanen dutse a tsakar gida suke binne manyansu, su da ba su taɓa wuce Gaya ta bakin iyaka ba. Ina ganin filin nan na ce shi ke nan, nan tsohon soja yake kwance. Sai na shiga girmama shi. In zan wuce in yi kwana in bi ta bayan rumbu. In dole ta sa na matso kusa, in cire takalmi in rage murya. Wata rana ɗan maƙwabta ya zauna a wurin yana cin gyaɗa, na fizgo shi da hannu ɗaya. Duk wannan Mama tana gani, abin da ta fahimta kuwa shi ne amaryar Faransa ko taka wurin ba ta son yi.

Sai maganar waya. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, maigidana ya bar mini tasa tsohuwa don in riƙa jin muryar Inna, mahaifiyata. A cikin ƙauyen ba a samun sabis sai an hau dutse, can wajen wata tsamiya. Duk ranar kasuwar garinmu, da na san Inna tana kusa da mai shagon da ke ba ta aron waya, sai in ɗaura mayafi in kama hanyar dutse. Na lura duk sanda na fita Mama takan bar abin da take yi, ko daka ne ko tankaɗe, ta tsaya a bakin zaure. In na dawo in tarar da ita a wurin, ta dubi kaina, ta dubi hannuna, ta ga waya kawai, ta juya ta koma aikinta. Ni kuma in shige ɗaki ina huci, ina cewa a raina yanzu gaisuwa da uwata ma sai an sa mini ido.

Kowaccenmu ta yi iya dabararta. Ni na fito da sababbin tukwanena na wanke su da toka, na jera a rana suna ƙyalli, ko za ta tuna ina da su. Ita ta ɗauka haɗa kaya na fara. Na yo itace na tara mata a ƙofar ɗakin girki har ya kusa kai rufi, ta ɗauka cewa nake ta ci gaba da dafa mini. Ita kuma ta naɗa mini sabon gammo da tsumman zaninta mai kyau, ta miƙo mini da hannu biyu tana kallon cikin idona. Na durƙusa na yi godiya, na riƙa ɗaukar ruwa da shi. Da ta ga haka sai ta koma yabon amaryar wani gida da ƙarfi, yadda zan ji, wai yarinyar nan wuyanta da ƙarfi, watanta ɗaya ta hau ta sauko. Ban san me ta hau ba, ban san me ta sauko da shi ba, na dai san habaici in na ji shi. Washegari don haushi na cika kowace randa a gidan har da kwatarniyar agwagi.

Maigidana bai taimaki kowa ba. Na taɓa zagayawa na tambaye shi ko Mama ba ta gajiya da girki ita kaɗai, ya ce ai tana son abinta, ni in huta. Ashe ita ma ta taɓa zagayawa ta tambaye shi ko matarsa tana jin daɗin garin, ya ce ƙwarai, a bar ta ta huta. Ya san al'adar sarai, amma a kansa magana ce ta mata, irin wadda takan warware kanta in namiji ya tada mota ya tafi. Har yau in na tuna masa sai ya ce shi dai bai taɓa kwana da yunwa ba a shekarar.

Kaka ta zagayo, aka sake cika rumbu, ni ina da ciki. Mama ce ke raka ni awo asibitin Zuru. Mu hau babur ɗaya, ni a tsakiya ita a baya, ta riƙe ni gam tana yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami. A hanyar dawowa ta saya mini rake. Wannan ya ƙara rikita ni, don ban gane yadda mace za ta so jikanta haka ta ƙi uwarsa ba. Da cikin ya tsufa Inna ta ce in taho gida, haihuwar fari a gaban uwa ake yinta. Maigidana ya yarda, aka sa rana. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na gama shawara da zuciyata. In na tafi ba zan dawo gidan nan ba. Ko ya kama mini ɗaki a unguwar Rikoto cikin garin Zuru inda zan dafa abin da na ga dama, ko in yi zamana a garinmu. Ina son mijina, ina son ƙauyen, har Mama ina so duk da haushinta da nake ji, amma ba zan goya ɗa ina satar ruwan zafi ba. Na kwance kan keken ɗinkina na naɗe shi cikin bargo. Wadda za ta je wankan jego ta dawo ba ta tafiya da keke, kuma duk gidan sun gani.

Daga ranar Mama ta daina share filin. Ganyen mangwaro ya taru a kai, kaji suka mai da shi wurin birgima. Ta rage magana, ta daina ce mini amaryar Faransa, tuwonta ma ya fara yin gudaji. Ni kuwa tausayin tsohon soja ya kama ni. Na ce duk abin da ke tsakanina da matarsa, shi bawan Allah bai yi mini komai ba. Na ɗauki tsintsiya da safe, na cire takalmi, na share wurin tas, na yayyafa ruwa, na tsaya na yi masa 'yar addu'a ƙasa-ƙasa. Ina ɗagowa na ga Mama tsaye da ƙwarya a hannu, baki buɗe. Na sunkuyar da kai na wuce. Yinin ranar duk inda na juya idonta yana kaina.

Ana gobe tafiya na je sallama da ƙawata. Ita ma daga nesa aka auro ta, nesan da ta fi tawa. 'Yar Saliyo ce, wani soja ɗan ƙauyen ya zo da ita bayan ya gama aiki a ƙasarsu, ya ajiye ta wajen danginsa ya koma bariki. Ta girme ni, Anti nake ce mata. Shinkafa take sayarwa a bakin hanya da wata miyar ganyen rogo da mutanen garin suka fara yi wa dariya, daga baya suka koma bin layi. Ni da ita muka fi shiri saboda mu biyu ne ba mu da gidan da za mu yi yaji mu tafi. Na zauna a bencinta, ina magana sai ga hawaye. Na gaya mata komai, har na ƙara da cewa matar nan ma yanzu ta yi watsi da kabarin mijinta, ni ce na share shi jiya.

Ta tsaya da zuba miya. "Wane kabari? Wancan tsoho yana bayan coci, ni na je jana'iza nashi."

Na kwatanta mata wurin. Ta dube ni, ta ajiye ludayi a hankali, ta zauna a ƙasa daɓas tana dariya har da riƙe ciki. Masu jiran shinkafa suka zuba mana ido. Sai da ta share hawaye sannan ta warware mini zancen duwatsu daga farko har ƙarshe, cikin Hausarta ta bariki. Ta ce ita ta zaci na sani, ina dai ja musu aji ne. Na tambaye ta ita wa ya gaya mata da ta zo. Ta ce babu kowa. Kwananta uku ana ba ta tuwo, ita kuwa a ƙasarsu wanda bai ci shinkafa ba bai ci abinci ba, yunwa ta ishe ta, ta fita ta kwaso duwatsu a gindin dutse don ta dafa 'yar shinkafar da ta zo da ita. Tana ajiye su sai gida ya kaure da guɗa, ta zaci wata ce ta haihu. Har yanzu tsofaffin garin suna ba da misali da ita, wai ba a taɓa amaryar da ta so gidan miji da wuri kamarta ba.

Ni ban yi dariya ba a lokacin. Gammo ya faɗo mini a rai, da tsayuwar Mama a bakin zaure, da yadda take duban kaina in na sauko daga dutse. Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ni, na rasa wanda zan fara ji. Na tashi ko sallamar da ta kawo ni ban yi ba.

Da safe mota tana ƙofar gida, maigidana yana duba taya. Na ɗauki gammona na fita ba waya a hannuna, na bi ta gaban Mama yadda za ta gani da kyau. Ban yi nisa ba na ji taku a bayana. Na waiga, ga ta nan da kwando, tana dube-dube a cikin ciyawa. Ta ce wa wata mata da muka gamu da ita akuyarta take nema, alhali akuyar tana ɗaure a gida tana cin dusa.

Ban san dutsen murhu ba, a garinmu maza ke kawowa. Na hango wani mai faɗi, sumul, mai kyan gani, na sunkuya zan ɗauka. Sai na ji tari a bayana, irin na wanda ƙashin kifi ya maƙale wa. Na saki. Daga baya na gane irin wannan dutsen mai hawa-hawa fashewa yake in ya ji wuta. Na matsa na taɓa wani fari, tari ya ƙaru. Na taɓa na gaba, Mama ta yi tarin da sai da tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya. Haka muka yi ta yi, ni ina taɓawa ita tana tari, ba wadda ta kalli wata. Can na dafa wani baƙi-baƙi mai kai kamar na tulu, na saurara. Shiru. Na saci kallonta, na ga ta ɗaga kai sama tana 'yar waƙar coci a maƙogwaro. Da haka muka zaɓi uku.

Saura ɗauka, ga ciki ya yi mini gaba. Ba a taya amarya ɗaukar duwatsunta, amma ban ji an ce an hana tsohuwa tuntuɓe ba. Mama ta zo wucewa neman akuyarta, ƙafarta ta bugi dutsen farko, ya gangara har kusa da hanya. Ta yi tsaki ta ce duwatsun nan sun cika tare wa mutane hanya, ta sake yin tuntuɓe da na biyu, sannan na uku. Ban taɓa ganin tuntuɓe mai saiti irin wannan ba. Daga gindin dutse zuwa gida kuwa ni na ɗauke su a ka, ɗaya bayan ɗaya, ina tafe ina nishi, ita tana biye da ni da kwandonta wofi.

Kafin in dire na ƙarshe a kan filin nan gida ya cika. Ban san wa ya kai labari ba. Guɗa ta ko'ina, matan coci da matan liman, ga Anti ta rufe shinkafarta ta taho da ludayi a hannu. Na kafa duwatsun, wata tsohuwa ta gyara mini zaman ɗaya da ƙafa. Mama ta shiga ɗakin girkinta ta fito da garwashi a tsingaro, ta durƙusa ta zuba a tsakaninsu, ta hura da bakinta har wuta ta kama. Ba ta tashi ba ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Na ɗauka ba ki son mu."

Ranar na karya dokar Gwaggo, na dubi Mama ido cikin ido na tanka mata. "Mama, ni ma na ɗauka ke ce ba ki so na."

Anti kuwa ba ta iya riƙe magana ba, nan take ta fasa labarin kabari. Tsakar gida ta ɗauki dariya, maigidana har da jingina da rumbu. Mama ta yi dariya har tarin gaske ya kama ta. Ta ce shekara guda ina cire wa murhuna takalmi ina yi masa addu'a, lalle wannan murhu ba zai taɓa ƙona tuwo ba. Ta ƙara da cewa tsohon soja da ransa ma ba a taɓa yi masa ladabi haka ba.

Tafiya ta koma washegari. Na auno gero a shago, na daka, na dafa dawo a kan murhuna, aka samo nono wajen Fulani na dama fura. Na kai wa Mama a sabuwar ƙwarya, na zauna a gabanta muka sha tare. Ta kurɓa, ta juya ta a baki, ta ce ba laifi, amma wannan abincin marasa lafiya ne, in na komo in koyi tuwo. Sannan ta shanye ta miƙo ƙwarya a ƙara mata. Da yamma na warware bargo na mayar da kan keke mazauninsa, na rufe shi da zani na bar shi a ɗaki.

Na haifi ɗiya mace a gaban Inna. Na yi wanka, na yi arba'in, Inna ta ce yarinya ba ta yi ƙwari ba, na ƙara wata, ta sake samo wani dalili na ƙara wani. Sai da damina ta kusa sauka sannan maigidana ya zo ya ɗauke mu. A hanya ina ta tunanin aikin da ke jirana, don na san yadda murhu yake zama in an bar shi: kaji sun tone, ciyawa ta fito, wataƙila ma yara sun mirgine duwatsun sun yi wasa da su.

Da la'asar muka isa. Na shiga da sallama, idona ya fara sauka kusa da rumbu. Fili a share, an yayyafa ruwa. Duwatsun da na yi girki sau ɗaya tak a kansu sun yi baƙi ƙirin kamar na shekaru. Na sunkuya na sa hannu a toka, na ji ta da ɗumi. Maƙwabciyarmu da ta shigo yi mana sannu da zuwa ta raɗa mini cewa tun ranar da na tafi Mama ba ta bar murhun ya huce ba. In ta gama girkinta sai ta ɗebo wuta ta kawo nan, ta ɗora ruwa ko ta gasa 'yar gyaɗa, ta zauna a gefe har ya cinye. In an tambaye ta sai ta ce kunama take kora.

Mama ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali. Ta kwance yarinyar daga bayana, ta ɗaga ta sama tana duba ta gaba da baya, ta ce hancin na Faransa ne amma goshin nasu ne. Ni ina durƙushe a bakin murhu, hannuna cikin toka. Ba ta dube ni ba, ta saɓa jikarta a kafaɗa ta nufi inuwar mangwaro.

"Da sauran wuta a ƙasa," in ji ta. "Ki ƙara itace, yunwa nake ji."